Tabon Rana

A hasumiyar gadi, gaɓar Brahmaputra,
Golap ya miƙo mini idanu biyu cikin jaka.
"Koren nan hasken taurari yake sha,
ɗayan kuwa ɗumin jiki yake karantawa.
Jonali, bindiga takan yafe ƙazanta.
Gilashi ba ya yafewa."

Ina tauna tamul, na gyaɗa kai kawai.
Shekarata ashirin da biyu,
me tsoho zai koya mini a kan goge madubi?

Ya ce kada in huce masa numfashina,
kada in taɓa shi da gefen gamosa,
don yashin kogi kan laɓe cikin zare
kamar ƙayar kifi cikin loma.
A fara hure ƙura da ɗan famfon roba,
sai burushi,
sannan ƙyalle, daga tsakiya zuwa baki,
kamar mai share wa jinjiri hawaye.
Idan damina ta kankama, a rufe su a akwati
da 'yan ƙulle-ƙullen shan laima,
in ba haka ba fumfuna ta yi saƙa a ciki.

Duk na kiyaye, sai abu ɗaya.
Wata asuba barci ya sace ni a kan benci,
koren ido a kunne, ba murfi,
yana kallon gabas.
Rana ta fito, ta leƙa, ta sa hannu ta wuce.
Ɗigo ne baƙi, bai fi ƙwayar riɗi ba.
Na goge, na goge. Ba a waje yake ba.
Ban faɗa wa kowa ba.

Dare na huɗu, ciyawa ta fi giwa tsawo,
karkanda da ɗanta suna kiwo a bakin fadama.
Na duba dama, lafiya.
Na duba hagu, ɗigona ne kawai,
na saba da shi, na kau da kai.
Golap ya damƙi hannuna.
A gilashinsa ga farin mutum a tsugune,
daidai inda na koya wa idona rashin kallo.

Harbi ɗaya a sama.
Ciyawa ta buɗe, ta rufe.
Ƙaho ya kwana a kan mai shi.

Da safe bai ce mini komai ba.
Ya zare jan zare daga gamosarsa,
ya ɗaure murfin a wuyan na'urar,
ƙulli uku,
ya zuba mana shayi.

Golap ya koma ƙauye, gwiwa ta ƙi tsani.
Bana an kawo mini Hiren, yana tauna tamul,
yana gyaɗa kai tun kafin in gama.
Ban ja zancen ba.
Na jira duhu, na miƙa masa tsohon koren ido,
na ce, "Duba hagu.
Faɗa mini abin da ke bayan ɗigon nan."