Rariyar Inna Barira

A shagon ƙungiyar manoman riɗi, Maigatari,
cajin kwamfuta saura ƙiris.
Na rubuta mata: idan buhu ya kai kilo tamanin, ki ce cikakke.
Sai ta leƙa na Ɗanlami, na farko a jeri,
ta yanke wa buhu ɗari uku hukunci guda.

Haba! Inna Barira ba haka take tankaɗe ba.
Girgiza ɗaya,
kowace ƙwaya da amsarta,
tsaki ya tsaya, gari ya wuce.

Na goge, na mai da sharaɗin rariya.
Buhun Ado ya gaza da kilo biyu.
Wanda ba a auna ba ta bar masa gurbi,
ba ta ƙaga ba.

Allon ya mutu ana kiran la'asar.