Maɓallin Ja

Ƙarfe biyun dare a Unguwar Sanusi.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
janaretan maƙwabci na tari kamar tsoho,
ni kuwa ina gaban kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
ina saƙa manhaja layi bayan layi,
ɗinkin hula da zaren da ido ba ya gani.

Yayana Barau ne ya zaunar da ni nan.
Shekara tara yana haɗa sauti
a ɗakin da aka lulluɓe da kwalin ƙwai.
Ya san inda ganga ke danne murya,
amma ba mai lambarsa sai mai cajin waya.
Aiki kan taso daga bakin wani, ya ratsa aljihun wani,
kafin ya iso hannunsa ya rame.

Na ce bari in kafa rumfa a cikin waya,
mai jita ya ga mai ganga,
'yar amshi ta ga mai situdiyo,
har yaron da ke jan wayar lasifika a filin biki
ya samu wurin rataye sunansa.
Na yanka gurabe huɗu:
suna, unguwa, sana'a, shekarun aiki.
Na dube su, na ji kaina ya yi girma.

Sai na kai wa Baba Tambai a Tudun Wada,
wanda kalangunsa ya tashi mahautan Zango shekara arba'in.
Ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce, "'Yar nan, a wane ramin zan zuba wannan?"
Ya matse kalangu a hammata, ya sassauta,
fata ta buɗe baki ta ambaci kakana,
da laƙabin da ko uwata ta manta.
Gurabena huɗu suka yi tsit.

Mako uku ina warware abin da na saƙa.
Na dasa maɓalli guda, ja, mai faɗin murfin kwalba:
danna, ka buga, a ji ka.
Wanda bai yi boko ba,
tafin hannunsa ya rubuta masa takarda.

Ran Talata Rifkatu ta danna daga Sabon Tasha.
Tana shirya wa mawaƙan cocinsu faifai,
ta gaji da kalangun kwamfuta
wanda ba ya gumi, ba ya kuskure.
Baba ya ce rabonsa da haye gadar kogin nan
tun jikansa na goye.
Ya goge fata da man shanu,
ni na biya kuɗin keke.

Ban je ba. Barau ne ya riƙe na'ura.
Ya ce sun yi musu a kan sauri,
ta ce ya bi agogo, ya ce agogo ya bi shi,
har aka kawo kunun zaƙi a jarka,
aka ɗauka sau bakwai, na takwas ya zauna.
Da magariba Baba ya kira ni da wayar jikansa:
"Kuɗin sun zo cif. Ba wanda ya gutsura."

Yau mutum arba'in da bakwai ne a rumfar,
uku daga ciki ni ce da sunayen gwaji.
Manhajar na sumewa in an ɗora mata babban hoto.
Masu kuɗin da na rubuta wa ba su amsa ba,
data saura ta kwana biyu.

Ga wani saƙo ya shigo yanzu:
mai gurmi ne daga Rigasa, bai sa suna ba,
daƙiƙa goma sha biyu,
akuya na kuka a bayansa.
Na ture kwamfutar gefe,
na sake dannawa.