Kwandon Hawa na Huɗu

Albashina na farko ya shigo ran Juma'a.
Asabar na ɗaure igiyar takalmi,
na fita neman ƙusar da zan rataye rigata a Istanbul.

Tolga, wanda muke raba teburi a ofis, ya ce Kadikoy.
Can dare ba ya tsufa, in ji shi,
kowa matashi, kowa da kofin gahawa a hannu.
Na je. Tagar ɗakin na kallon bango,
kuɗinsa na kallon sama.
Na yi lissafi a bayan wata tsohuwar rasit:
in na biya haya, sai dai in ci iskar teku da cokali.
Ni mai tsare wa kamfani miliyoyi,
'yan kuɗina sun ƙi tsayawa a sahu.

Mama ta kira daga Kastamonu:
"Ilgaz, nemi kusa da gwaggonka a Umraniye,
ko ba komai ka sha miya mai zafi."
Na ce to.
Ban gaya mata ba cewa miyar da tambaya take zuwa:
ina ka tsaya, wa ta kira ka, yaushe za mu sha biki?

Dillali Cevdet, makullai a ƙugu kamar gandiroba,
ya hau da ni tudun Besiktas har gwiwata ta yi ƙara.
Mai gidan ya dubi yatsana kafin fuskata.
Babu zobe.
"Ba na ba tuzuru haya,
ku ne masu kiɗa da tsakar dare."
Ni da goman dare ke riska a mafarki na biyu!

A Levent gini ne na gilashi, hawa talatin,
ga mai gadi, ga wurin motsa jiki.
Na gai da mutum uku a cikin lif,
madubi ne kaɗai ya motsa baki.

Duk gidan da na shiga sai na ƙwanƙwasa bango,
in tambayi shekarar gini,
don ƙasar nan takan juya cikin barcinta.

La'asar sakaliya ta same ni a Kurtulus,
zaune a dakalin wani shago,
ina gutsurar burodi mai riɗi, ƙafa ta yi tsami.
Sai wani abu ya taɓa min kafaɗa.
Kwando ne, ɗaure da igiya, daga sama.
Ciki takarda: burodi biyu, madara, ashana.
"Kai mai jaka! Mai shagon kurma ne, miƙa masa!"
Na ɗaga kai: farin gashi a tagar hawa na huɗu.
Na miƙa, na zuba, ta ja.
Can sai ga kwandon ya dawo da busasshen ɓaure guda uku.

Madam Araksi ke nan.
Ba ta tambayi zobe ba.
Ta ce na ƙasanta ya tashi tun bazara,
famfon yana tari, hawan bene sai mai rabon numfashi,
kuma akwai kyanwar da ba a tashinta daga tabarmar ƙofa.

Na sa hannu ran Talata.

Tolga ya ce na tsufa da wuri.
Mama ta ce su waye maƙwabta?
Na ce har yanzu igiya ɗaya na sani.

Kullum bakwai da rabi kwandon ke wuce tagata,
da shi nake sanin lokacin ɗaura agogo.
Jiya bai wuce ba.
Na haura da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, na buga ƙofa.
Ta buɗe tana hamma:
"Lahadi ce, ɗan nan. Kai ba ka barci ne?"