Hoto Huɗu a Farin Bango

Mai hoto na bakin Katako ya ce, cire hula.
Na cire.
Ya ce, ban da murmushi, hukuma ba ta sonsa,
ɗaga haɓa, kunne biyu nake son gani.
Na ba shi kunnuwan nan
da suka yi wata uku a Yamai
suna tarbar Faransanci
kamar mai tarbar ruwan indararo da rariya.

Haske ya walƙa.
Ya yanka ni gida huɗu da almakashi,
ya zuba ni a ambulan,
jika ɗaya da rabi.

Da sassafe na tsallako gada daga Harobanda.
A ƙasa kogi na tafiyarsa:
ya baro Mali, ba wanda ya tambaye shi tambur,
zai shiga Yawuri, ba mai buga masa hatimi.
Ni ko takarda bakwai ce a hammatata,
gumi ya fara cin ta bakwai.

A layi, gabana 'yar Chadi ce mai karatun haɗa magani,
bayana ɗan Togo, zuwansa na huɗu ke nan.
Muka raba ruwan leda ɗaya mu uku,
harshe bai haɗa mu ba, ƙishi ya haɗa.

Sai taga.
Madam ba ta ɗago ba. Sunanka?
Shu'aibu Gwadabe.
Yatsunta suka yi ƙas-ƙas,
ta juyo mini da fuskar injin:
Chaïbou Gouadabé.

Na ce, ranki ya daɗe, akwai wata 'yar tsayawa
tsakanin u da a,
inda maƙogwaro ke rufe ƙofa ya buɗe.
A nan muryar innata ke hutawa in tana kirana daga madafa.
Ta ce, injin bai san ta ba.
Ya dai ɗora mini ɗigo biyu a ka
kamar ƙudaje a bakin ƙwarya.

Mahaifa?
Ƙaura Namoda.
Ƙugiyar ma ta karye a hanya.

Sannan ta dube ni, ta saki Hausa, mai gishirin Zabarmanci:
Yaro, tamburinka guda ne, biyu ake so.
Ka komo jibi.

Jibin ofis doguwar riga ce,
kwana goma sha tara na yi ina jan ta a ƙasa.
Na koma sau uku.
An dangwala yatsuna goma a tawada,
na ci shinkafa da wake da baƙin babban yatsa,
na shiga aji, na rubuta jarrabawa
da sunan da bai gama fitowa ba.

Wa zai gaya wa injin
cewa Gwadabe a kan hanya aka haife shi,
kakata na dawowa daga Ƙwanni da kayan albasa,
ta durƙusa gindin wata aduwa
da har ta mutu ba ta san ta wace ƙasa ba ce?

Ranar da katin ya fito, da ɗuminsa kamar masa,
na ɗauke shi a waya na tura gida.
Inna ta ce, ka rame.
Ta ce, ina hularka?
Ƙanwata ta karanta mata sunan, ta yi ta sarƙewa,
suka yi dariya har kuɗin wayata ya ƙare.

Daren jiya, a bakin gada,
ɗan sanda ya haska katin da tocila,
ya haska ni, ya sake haska katin.
Ya ce, Shaibu?

Na ɗan yi jim.
Kogi na wucewa a ƙarƙashinmu.
Na ce, na'am,
na ji maƙogwarona ya rufe ƙofa ya buɗe.