Kujeru Biyu

Inna ta kira ni daga Tawa:
"Shekara biyar kina Yamai, a ƙetaren gada,
yanzu me kika zama? Likita?"
Na ce ba na yin allura.
"Malamar lakwal?"
Ba na riƙe alli.
"To me?"
Na ce, mai sauraro.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Sauraro ma sai da takarda?
Ni da nake jin kukan unguwa tun ba a haife ki ba,
wa ya taɓa ba ni ko dala?"

Uku na lisansi, biyu na masta.
Littattafai bakwai na cika da hannuna,
kowane ciwon rai da sunansa na Faransanci,
da lambarsa, da shafinsa.
Kuɗin karatu kuwa ruwan Adar ne:
a wuni ana kallon gabas,
ya je ya sauka a wani gari.

Ranar da na fara koyon aiki a asibiti
Madam Bibata ta zare littafin daga hannuna,
ta jefa a aljihun tebur, ta tura da gwiwa.
Ɗakin ba komai: kujeru biyu, kofin ruwa,
fanka mai ciwon wuya,
agogo a bayan baƙo
don kada ya ga ana ƙirga masa lokaci.
Ta ce, "Wannan taki ce. Waccan tasa.
Kada ki zauna a duka biyun."

Assumana ya shigo.
Direban babbar mota ne, a da.
Ta kife da shi tsakanin Dogonduci da Ƙonni,
shi ya fito, yaron motarsa bai fito ba.
Makullin yana hannunsa har yau,
yana juya shi kamar carbi.

Minti arba'in, ko uffan.
Shawara ta cika mini baki kamar busasshen gari.
Na san sunan abin a littafi,
na neme shi da Hausa, na rasa.
"Haƙuri" ya zo kan harshena,
sai na tuna an loda masa shi buhu-buhu
tun ranar zaman makoki,
kuma ga shi bai iya ɗauka ba.
Na haɗiye.

A mako na uku ya ce wa bango,
"Yaron yana son rake."
Na ce, "Rake?"
Daga nan har la'asar
ban sake cewa komai ba.

Da yamma Madam ta ce, "Me kika ji?"
Na fara karanto mata maganarsa.
"Ba shi na tambaya ba. Ke."
Sai ga babana, shekarar da ya dawo daga Abijan
da jaka ɗaya, babu labari,
yana zaune gindin katanga har ya rasu.
Mun kai masa fura, mun kai masa tuwo.
Ba wanda ya ja kujera.

Yanzu takarda ta fito, aji ya watse.
Habsu tana Difa da wata ƙungiya,
tana jin baƙin cikin mutane ta bakin tafinta.
Mutari yana nuna wa ɗaliban lise hanya bayan jarrabawa.
Sabi'u ya buɗe rumfar gyaran waya a Babbar Kasuwa,
ya ce can ma sirrin mutane yake riƙewa.
Ni na kai takarduna ofis huɗu.
An ce in saurara.
Na ce ai shi na karanta.

Jiya da dare Inna ta sake kira.
Ta fara da tsadar albasa,
ta bi ta kan rufin ɗaki da ke yoyo,
ban san yadda aka yi ba, ta iso kan Baba.
Shekara goma sha ɗaya ba ta ambaci sunansa ba.
Na zauna a bakin gado, na riƙe wayar da hannu biyu.
Da ta gama, ta fyace hanci,
ta yi shiru, ta ce,
"To, Madam. Nawa ne kuɗin?"