Ba a Murɗe Ta

Sanyi ya sallame mu a Auyo.
Jiya na kwana ba bargo,
yau na ɗebo ruwan randa a roba
zan wanke rigar da Kuluwa ta saƙa.

A gwanjon Gujungu ta samo asalinta,
wata ƙatuwar suwaita mai yagaggiyar hammata.
Ta zaro zare ɗaya ta kai bakin fitila,
ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago.
Ta ce, "Ulu ne na gaske, Malam, ba roba ba."
Ta warware ta kaf, ta naɗe curi shida,
wata biyu tsinke na ƙyas-ƙyas a gindin murhu,
duk don ni,
mai fita ban ruwan alkama kafin assalatu.

Shekara tara ina sa ta
ban taɓa tambayar yadda ake wanke ta ba.
Na dai san takan ɓace in bazara ta kama,
ta dawo bayan yankan dawa
tana ƙanshin kanumfari.

Shekarar da muka kai Kuluwa makwancinta
na ce namiji ba ya rasa dabara.
Na tafasa ruwa, na zazzaga omo,
na dirje ta kamar buhun taki,
na murɗe, na rataya a igiya, rana tsaka.
Da la'asar rigar yaro na sauke.
Ta tsuke, ta dunƙule,
ta yi tauri kamar akumarin jaki.
Ko kaina ya ƙi shiga.

Ranar jana'iza ban yi hawaye ba, mutane sun shaida.
Ran nan kuwa bayan rumbu na zaga.

Iya Tabawa ce ta leƙo ta kan danga.
Ba ta ce sannu ba.
Ta ce, "Tunkiya ka taɓa gani ana dafa ta da rai?
Ruwan sanyi ake sawa.
Sabulu ɗan ƙiris, a narkar da shi tukuna.
A danna, a saki, a danna,
kamar wankan jinjirin da cibiyarsa ba ta faɗi ba.
Kuma ba a murɗe ta, Ɗanjummai.
Ba a murɗe ta."

Yanzu jikata ke sa ta,
takwarar Kuluwa, da muke kira Iyalle,
mai giɓi biyu da tsiwar mutum goma.
Tana tsugune tana kallona,
wai angonta ya zama ɗan wanki.

Ɗauraya uku, har ruwa ya fito garau.
Na naɗe ta cikin tsohon zane,
na dafa da tafin hannu, zanen ya sha ruwan.
Igiya kam mun rabu,
takan ja kafaɗa ta fitar mata da ƙaho.
Tabarma na shimfiɗa a inuwar darbejiya,
na kwantar da ita, na miƙe hannuwanta,
na sa Iyalle gadin kaji.

Jibi in ta bushe ƙayau,
don laima kaɗan ta isa ta kira fumfuna,
zan ninke ta, ba a leda ba, ulu yana numfashi.
Busasshen ganyen darbejiya sama da ƙasa,
kanumfari bakwai a ƙullin tsumma,
asu ya nemi abinci a wani gidan.
Adakar kuma a kan bulo,
gara ba ta san rigar marigayiya ba.

Bana na lura wuyan hannun yarinyar
ya fara leƙowa waje.
Na tambayi Tabawa ko za a warware a ƙara mata tsawo.
Ta ce ulun da ya dunƙule ba ya warwaruwa.

To.
Akwai ƙaninta, yana baya a goye.
Shekara huɗu ce, in da rai.
Kanumfari ba ya tsada.