Ni Ne Mi, Ke Ce Shi

Na rufe shagon faci a Ƙofar Ƙaura,
na shiga ajin dare da biro a kunne.

Malam Isiyaku ya ɗau alli, ya ce:
“A Turanci, shi mace ce.”
Malam, a ji tsoron Allah!
Shekara hamsin ina shi,
yau za ka ɗaura mani kallabi?

Ya dafa ƙirjinsa, ya ce, “Mi.”
Na ce, “Ba komi.”
Ya ƙara dukan ƙirji: “Mi! Mi!”
Na ce, “Wallahi ban yi magana ba.”

Ɓera ɗaya mawus, biyu mayis.
To madalla, an zo wurin:
gida hawus, gidaje hayis!
Ya dafe kai.
Ashe nahawun nan tayar Sahabi direba ce,
faci kan faci,
kowa ya liƙa nasa ya wuce.

Ga wani harafi a bakin wuƙa,
an rubuta shi, an hana shi magana,
sai ka ce ango ranar ɗaurin aure.

A gida Tasalla ta ce, “Mi ka koyo?”
Na ce, “Ni ne mi, ke ce shi.”
Ta taɓa goshina,
ta ɗora tazargade a wuta.